Azumin da Muka Yi Muna Jiran Koren Layi

Bazarar bana ta zo da zafin da na daɗe ban ji irinshi ba. Shekaranjiya da azahar muna zaune a biron lakwal, wato ofishin makarantarmu, kuran ya ɗauke, babu wutar lantarki, kowa ya kama fifita da abin da hannunshi ya samu. Wata ƴar malama da aka kawo mana bana ta ce bari ta sauke wa ƴan ajinta wani bidiyon darasi a talho. Na ɗaga moɗa in sha ruwa, kafin in aje ta ce ya sauka. Na tsaya ina kallonta har ta tsargu, ta ce, "Madam Rabi, lafiya?" Na ce lafiya lau. Ta ina zan fara mata bayanin cewa akwai shekarar da mu mutum uku muka cinye azumi guda muna jiran abu ɗaya ya sauka?

Shekarar ce azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Daminar da ta gabata ba ta yi albarka ba, gero ya yi tsada a kasuwar Tasawa, matan Fulani da ke kawo mana nono suka rage zuwa saboda shanu sun rame. Pampon unguwarmu sai ya ga dama yake zubowa, in ya zo kuma ruwan kamar an ɗora shi a wuta. Duk wannan da sauƙi a wurina. Abin da ya fi ci mani rai yana kwance a ɗaki.

Maigidana, Baban Nana, direban kamiyo ne, babbar motar kaya, tun kafin aurenmu. Gero da wake yake ɗauka daga nan zuwa Agadas. Da kaka motar ta kife da shi a hanya. Allah ya bar mana shi, amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da yake ji. Da aka sallamo mu daga asibiti sai ya juya fuska bango. Abokanshi na tasha in sun zo gaisuwa sai ya rufe ido kamar mai barci. In wata babbar mota ta yi oda a kan titi, sai ya ja zane ya rufe kai, cikin wannan zafin. In na yi mashi magana, amsar ba ta wuce "to" ko "bar shi".

Ƴarmu Nana tana Damagaram tana karatun aikin jinya, ni kuma da safe ina lakwal. Don haka mahaifiyarshi, Inna, ta baro ƙauyensu na wajen Hawandawaki ta zo ta zauna da mu, da ɗan geron da ta kankaro daga gindin rumbu. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kama sunanshi, ba ta kuma zama kusa da shi in da mutane. "Mutumin ɗakin nan ya ci?" Haka take tambayata, tana kallon wani wuri daban.

Ana gobe ko jibi a ɗauki azumi ƙanenshi Laminu ya sauka daga Yamai, inda yake gyaran ordinatar, wato kwamfuta. Ya zo da kwalaye a kan kabu-kabu. Ya fitar da wani baƙin akwati mai nauyi, da allo kamar na tele, sai kuma abin da ya sa na riƙe baki: sitiyarin mota, ɗan madaidaici, da ake ɗaurewa a bakin tebur.

"Yaya Rabi, wannan ba irin ta biro ba ce," in ji shi. "Ta wasa ce, ni na harhaɗa ta. Akwai wasan tuƙin manyan motoci, kamar gaske. Na gyara mashi, birki da totur duk a hannu suke. Saura kawai wasan ya sauka."

Inna ta leƙo ta ce, "Mutum da furfura a gemu za ka kawo wa abin wasa?"

Na ga Baban Nana ya dubi sitiyarin, ya daɗe, sannan ya koma bangonshi.

Laminu ya soka wani ɗan abu kamar ɗan yatsa a jikin akwatin, ya ce sunanshi kile, da shi ake kamo rezon intanet. Ya danna nan ya danna can, sai wani siririn layi ya fito a allon, farkonshi ya yi ɗan kore. Ya ce in koren ya cika layin, an gama. "Gobe war haka ya sauka." Washegari ya hau mota ya koma, aikinshi ba ya jira.

Gobe ta yi, koren bai fi tsawon ƙwayar shinkafa ba.

Haka muka shiga azumi. Da asuba in tashi in dama fura mai ruwa-ruwa, in ɗumama tuwon jiya, in juya Baban Nana in gyara mashi shimfiɗa, sannan in leƙa allo. In dawo daga lakwal rana ta take, leɓena ya bushe, alli ya cika mani maƙogwaro, kafin in cire mayafi in leƙa allo. Lokacin ba a iya nuna wa mutum abu ta talho kamar yanzu. Sai dai in kira Laminu in karanta mashi abin da na gani da faransanci, shi kuma ya ce danna kaza.

"Wace kala ce wutar kile ɗin?"

"Wani sa'in shuɗiya, wani sa'in koriya, tana ƙyaftawa."

"To ba ta kama sosai. Ginin ƙasa ne da rufin kwano, rezo ba ya ratsawa. Duba cikin kwali, akwai doguwar waya. Ki fitar da kile ɗin waje, ki ɗaga ta sama."

Na ɗaure ta a kan gorar da muke kakkaɓe yana da ita, na sa mata ledar sukari, na jingina gorar da itacen dogon yaro na tsakar gida. Inna ta tsaya a tagar ɗaki tana duba mani allo, ita da ba ta san ko harafi ɗaya ba. Na koya mata cewa in lambobin ƙasa suna canzawa da sauri, to abu na tafiya. Ina juya gora tana cewa, "Suna rawa. Sun tsaya. Koma inda kika baro. Yauwa, suna rawa." Gefen gabas, wajen da ƙarfen rezo yake bayan kasuwa, nan ya fi kamawa. Nan na ɗaure.

Ya yi kwana biyu yana tafiya, sai forfe, kuɗin intanet da aka zuba wa kile ɗin, ya ƙare ba tare da koren ya yi wani nisa ba. Na kira Laminu raina a ɓace. Ya ce laifinshi ne, ya manta: ordinatar tana sabunta kanta a ɓoye, ita ke shanye rabin abin da ke shigowa. Ya bi da ni lungu-lungu har muka kashe wannan, muka rufe duk wani abu da ke buɗe a bayan fage. Ya kuma sa na canza garin da ake jawo wasan daga can, ya ce wanda ya zaɓa da farko cunkoso ya yi mashi yawa. Na gwada wannan, na gwada wancan, har muka dace da wanda lambobin suka fi rawa.

Sai kuran. A bazara babu ranar da ba a ɗaukewa, wani lokaci tun hantsi har la'asar. Laminu ya bar mana wani ƙaramin akwati mai batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, in an ɗauke sai ya kama kuka, ƙit, ƙit. Ya ce da ya fara kuka a dakatar da saukewar, a kashe ordinatar da kyau, in ba haka ba abin da ya sauka yana iya lalacewa. In ina gida ba matsala. In ina lakwal fa? Inna ta gwada riƙe ɗan abin nan da ake ja a tebur, ta ce yana guje mata kamar ɓera.

Wata rana na dawo na tarar an ɗauke wuta, ordinatar a kashe yadda ya kamata, teburin kuma an jawo shi har bakin gado. Na dubi Inna. Ta ce, "Kukan ne ya dame shi. Ya ce in turo mashi." Shi yana kwance fuska bango kamar kullum. Ban mayar da teburin ba.

Da azumi ya yi nisa zafi ya kai inda ya kai. Tabarma in ka taka da rana sai ka ɗage ƙafa. Kaji suna buɗe baki a gindin randa. Mukan jiƙa zane mu lulluɓa wa Baban Nana, kafin a jima ya bushe ƙayau. Likita ya ce mashi kada ya yi azumi saboda magani, abin ya ƙara mashi baƙin ciki, sai ya sha maganin da ɗan ruwa ya ƙi abinci har magariba. Da la'asar in soya ƙosai in akwai wake, in babu mu yi kwaɗon zogale, Inna ta dama kunun tsamiya. Ƙanƙara sai an yi layi a gidan mai firiji, ranar da ba kuran kuwa sai ruwan randa.

A wannan tsakanin ne koren, da ya wuce rabi, ya fara wata sabuwar tsiya. Rezo na nan, wuta na nan, amma da rana ta take sai komai ya daskare, wani sa'in akwatin ya mutu da kanshi. Laminu ya sa na duba ko wuri ne ya cika a ciki, muka ga da saura. Ya ce bari ya yi tunani.

Ranar wata Juma'a ina zaune gaban allo, na rasa abin yi, sai na ji murya a bayana.

"Rabi, ba ki jin kukanta?"

Na juya. Ya tallafi kanshi da hannu yana kallon akwatin.

"Kukan me?"

"Fankar ciki. Da safe ba haka take yi ba. Zafi take ɗauka. Sa hannunki a bayanta."

Na sa, na janye da sauri.

"Kin kuma manna ta da bango, ta ina za ta sha iska? Kira Laminu ki tambaye shi ko ana buɗewa."

Rabon da ya jera mani magana haka tun kafin hatsarin. Na kira Laminu, ya ce ƙwarai ana buɗewa, a dai cire wuta tukuna. Baban Nana ya ce a ɗauko mashi jakar kayan aikinshi, wadda aka kawo daga motar da ta kife, ban taɓa buɗe ta ba. Muka tayar da shi zaune, muka tokare shi da matasai, muka ɗora mashi akwatin a kan tabarma kusa da shi. Ya kwance murfin. Ƙura ta yi dam a ciki kamar auduga. Ya ce, "Inna, a samo mani gashin kaza." Ta fita da sauri har tana tuntuɓe. Ya share fankar a hankali, fiffike bayan fiffike, yana hurawa. Ya sa muka ɗora akwatin a kan bulo biyu, nesa da bango, kusa da ƙofa.

Ya rage mutuwa, amma tsakar rana sai an taimaka mashi. Fanka ɗaya gare mu, ta tsaye. Baban Nana ya ce a juya ta wajen akwatin. Na ce shi fa? Ya ce shi ya saba da zafin mota. Ranar da na dawo na tarar da Inna zaune a ƙasa tsakanin gado da tebur, da azumi a bakinta, mafici a hannu, ta yi wa akwatin sau biyu ta yi wa ɗanta sau ɗaya, sai na koma zaure na tsaya har idona ya bushe sannan na shigo.

Shi ne kuma ya lura cewa bayan sallar asuba, in gari ya koma barci, lambobin sun fi gudu, da magariba kuwa in kowa ya sha ruwa ya ɗauki talho, ko motsi ba sa yi. Sai ya tsara mana: a kunna bayan sahur, a bar ta har hantsi, a kashe ta huta da azahar. Ya fara cin abinci don ya iya zama. Ya fara yi mani faɗa in na makara kunnawa. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba.

Cikin goman ƙarshe hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Inna ta kasa zaune ta kasa tsaye, irin shukarta na can ƙauye, in ruwan fari ya sauka ba ta nan, gonarta za ta bi baya. Wata la'asar iska ta taso ja wur, ta kwashe kwanuka, kafin in kai ga gora ta faɗi. Sai ruwa. Ƙamshin ƙasa ya cika gida, yaran unguwa suna ihu a waje, mu ma mun ji sanyi har cikin ƙashi. Amma na tsinci kile cikin taɓo, ledar ta yage.

Inna ta karɓa ta goge da bakin zanenta, ta tura ta cikin ƙwaryar gero, ta ce gero na shan danshi. Washegari masu amalanken ƙauyensu da suka zo kasuwa suka aiko za su koma, ta shirya. Ta ɗaure kayanta, ta zo bakin ƙofar ɗaki ta tsaya, ta dubi allon da ke a kashe.

"Saura nawa?"

Na nuna mata da yatsa, ɗan kaɗan.

Ta kwance ƙullin kayan. "Ku ce su tafi. Ɗan ƙanena ya fara mani shukar. Ƙasa ba ta bushewa kwana biyu."

Baban Nana ya ce, "Inna, ki tafi gonarki."

Ba ta dube shi ba. Ni ta ce wa, "Gaya wa mutumin ɗakin nan ba shi ya kawo ni ba."

Kile ta tashi. Rezo ya dawo bayan kwana ɗaya. Koren ya ci gaba har ya rage kamar bakin farce, sai ya tsaya cak. Muka kashe muka kunna, muka juya gora, muka jira asuba, shiru. Aka ga wata, aka yi Salla, mutane suna shigowa barka da shan ruwa, shi yana amsawa, har da abokan tasha ya bari suka zauna, amma idonshi na kan allo.

Laminu ya ce wani guntu ne ya lalace, mai yiwuwa ranar iska. Akwai wurin da ake dannawa a share tarkacen da ya taru, sannan a sa ta binciki abin da ya sauka ta cike gurbin.

"Amma Yaya, ba zan ɓoye maki ba. Yawanci yana ɗorawa daga inda ya tsaya. Wani sa'in kuma yana komawa farko."

Na kai ƴar kibiyar da ke kan allo wurin na kasa dannawa. Ni ba wasan nake tunani ba. Tsoro nake in layin ya koma fari, mutumin nan ya koma bango.

"Ba ni nan," in ji Baban Nana. Ya karɓa. Ya ce, "In ya koma farko, mu koma. Yanzu ai mun san hanya." Ya yi bismilla ya danna.

Allon ya ɗauke, ya dawo. Layin ya fito fari fat. Inna ta ce, "Innalillahi." Sai koren ya taso daga farko da gudun da ba mu taɓa gani ba, ashe dubawa yake yi. Ya wuce rabi, ya kai inda ya tsaya, ya ɗan yi jim, lambobin suka yi rawa. Ya cika.

Ba zan ce wasa ya warkar da shi ba. Ƙafafun ba su dawo ba, kuma an sha wasu ranakun na bango bayan nan. Amma kafin kaka ya yarda an yi mashi keken hannu, yau kuma yana tasha, shi ke tsara lodin motocin arewa. Inna ta koma ga Mahaliccinta shekaru kaɗan bayan haka, Allah ya jiƙanta. A waccan shekarar geronta ya bi na maƙwabta baya, bai kai nasu ba, ba ta kuma taɓa ambatawa ba.

Ranar da koren ya cika dai da hantsi ne, gari ya yi luf bayan ruwan jiya. Muka ɗaure mashi sitiyari a bakin tebur, muka ƙara matasai. Allon ya nuna cikin kan mota, da madubai, da wata hanya mai santsi tsakanin korayen duwatsu na wata ƙasa da ba mu sani ba. Ya goge tafin hannunshi a riga. Ya duba madubin hagu, ya duba na dama, ya yi addu'ar hawa abin hawa a hankali. Injin ya tashi, ƙarar ta cika ɗakin. Na ga kafaɗunshi sun sauka.

Ya ja motar sannu, kamar mai ɗauke da ƙwai. Inna na bakin ƙofa da ƙullin kayanta, don amalanke na jira. Ta kalli hanya tana tafiya a allo, ta kalli bayan kan ɗanta, ta ce, "To, a sauka lafiya." Ta juya ta fita da sauri, ban ga fuskarta ba.

Da na dawo daga rakiya na tsaya daga gefe ina kallo. Ya ɗan yi tafiya, sai ya sa sigina, ya gangara gefen hanya ya tsaya. Na ce ko wani abu ya sake lalacewa.

"A'a." Ya matsa da hannuwanshi, da ƙyar, ya buɗe wuri a bakin gadon. "Rabi, duk shekarun nan da na yi ina tuƙi, kin taɓa shiga motata?"

Na yi tunani. Ban taɓa ba. Kullum daga ƙofar gida nake mashi sallama.

"To hau," ya ce. "Ki ja ƙofa da ƙarfi, ba ta rufuwa da sauƙi."

Na zauna kusa da shi. Na miƙa hannu cikin iska na ja ƙofar da ƙarfi. Ya duba madubi, ya hau hanya.